Kuɗi da Ƙuri'a: Tarihin Gudummawar Zaɓe a Amurka

Ƙasar Amurka ta daɗe tana fama da wata matsala wadda har yanzu ba ta warware ba, watau yadda mai neman mulki zai sami kuɗin yaƙin zaɓe ba tare da ya zama yaron wanda ya ba shi ba. Ƙasa ce mai faɗin gaske, kuma ɗan takara ba ya isa ga masu ƙuri'a sai ta hanyar sufuri da jarida da rediyo da talabijin, waɗanda duk da kuɗi a ke samunsu.

Masana tarihi kan ɗauki zaɓen shekarar 1896 a matsayin mafarin al'amarin. A wannan shekara William McKinley na jam'iyyar Rifablikan ya kara da William Jennings Bryan na Dimokurat. Bryan ya nemi a yawaita kuɗin azurfa domin a sauƙaƙa wa manoma biyan bashi, abin da ya tsorata masu bankuna ƙwarai. Wani attajiri daga jihar Ohayo, Mark Hanna, ya bi bankuna da manyan kamfanoni ya yanka wa kowa abin da zai bayar, kamar mai karɓar haraji, har ya tara wajen dala miliyan 3 da rabi. Bryan ya yi ta yawo a jirgin ƙasa yana lacca gari gari, alhali kuwa McKinley yana zaune a ƙofar gidansa ana kawo masa jama'a. McKinley ya ci zaɓe.

Surutun da irin wannan tara kuɗi ya jawo shi ya sa a 1907, zamanin Shugaba Theodore Roosevelt, Majalisar Dokoki ta hana kamfanoni bai wa 'yan takarar tarayya gudummawa. Amma ba a kafa hukumar da za ta tsare dokar ba, saboda haka masu kuɗi suka yi ta kewaye ta shekara da shekaru.

Abin da ya fasa ƙwai shi ne abin kunyar Watergate. Ran 17 ga Yuni 1972 aka kama mutum biyar sun fasa ofishin jam'iyyar Dimokurat a Washinton. Da masu bincike suka bi sawun kuɗin da ke hannunsu, sai sawun ya kai su ga kwamitin sake zaɓen Shugaba Richard Nixon, inda aka gano gudummawar ɓoye daga kamfanoni, wadda doka ta haramta. Nixon ya yi murabus ran 9 ga Agusta 1974. A shekarar nan Majalisa ta ƙayyade cewa mutum ɗaya ba zai ba ɗan takara fiye da dala 1,000 a kowane zaɓe ba, ta sa iyaka ga abin da za a kashe, ta kafa Hukumar Zaɓe ta Tarayya, sa'an nan ta tsara yadda za a riƙa biyan kuɗin takarar shugaban ƙasa daga baitulmali.

Ba a daɗe ba Kotun Ƙoli ta rage wa dokar ƙarfi. A shari'ar Buckley ta 1976 alƙalai suka yarda a ƙayyade gudummawa domin gudun cin hanci, amma suka ce hana mutum kashe kuɗinsa wajen bayyana ra'ayinsa tauye 'yancin magana ne, wanda tsarin mulki ya tsare. A 2008 Barack Obama ya ƙi karɓar kuɗin baitulmali a babban zaɓe, domin wanda ya karɓa dole ne ya tsaya ga iyakar da aka sa, shi kuwa yana tara ninkin haka, har da na ƙananan masu bayarwa ta intanet. A 2010, cikin shari'ar Citizens United, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu cewa kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suna iya kashe ko nawa ne a kan zaɓe, muddin ba su haɗa baki da ɗan takara ba.

Duk da haka, kuɗi ba su sayen nasara kai tsaye. Hillary Clinton ta fi Donald Trump kashe kuɗi nesa ba kusa ba a 2016, ta faɗi. Michael Bloomberg ya zuba wajen dala biliyan ɗaya daga aljihunsa a 2020, bai ci jiha ko ɗaya ba a zaɓen fid da gwani. Galibin masu ƙuri'a jam'iyyarsu su ke bi, sauran kuma halin tattalin arziki su ke dubawa. Inda kuɗi su ke aiki sosai shi ne tun kafin ranar zaɓe: su ke tace wanda zai iya tsayawa, su ke kuma buɗe wa mai bayarwa ƙofar ofis bayan an rantsar da gwamnati.

Nijeriya ta ɗauki tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka a 1979, tare da tsadar da ke tattare da shi. Darasin da ɗalibi da ma'aikacin gwamnati za su ɗauka daga wannan tarihi shi ne, dokar 1907 ta kwanta ne don babu mai tsaronta, kuma asirin 1972 ya tonu ne don an sami masu bincike da alƙalai da suka bi sawun kuɗi har ƙarshensa.