Littafin Anuhu: Nassin da majami'u suka ajiye, Habasha ta adana

Kiristan da ke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, a Wusasa yake ko a Gumel da Maigatari, in ya kusa kai ƙarshen Sabon Alkawari zai tarar da Wasiƙar Yahuza, sura ɗaya tak mai aya 25. A aya ta 14 da ta 15 marubucin ya kawo annabcin Anuhu, kakan mahaifin Nuhu, kan zuwan Ubangiji da dubban tsarkaka don yanke wa miyagu hukunci. Wanda duk ya koma Tsohon Alkawari neman wannan annabci ba zai same shi ba, domin Littafin Farawa ayoyi kaɗan ya yi kan Anuhu: ya shekara 365 a duniya, sannan Allah ya ɗauke shi. Yahuza ya ciro maganar ne daga sura ta 1 aya ta 9 ta Littafin Anuhu, wanda malaman Yahudawa ba su sanya cikin nassinsu ba.

Yahudawa ne suka rubuta littafin da harshen Aramiya, kashi-kashi, tun daga wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka jingina shi ga Anuhu. Yana da sura 108. Sashen da ya fi shahara yana ba da labarin mala'iku 200 da suka sauko kan Dutsen Harmon, suka auri 'yan Adam, suka haifi ƙatti, suka koya wa mutane ƙera makamai da sihiri, har aka ɗaure su zuwa ranar hisabi. Ana jin amon wannan labari a aya ta 6 ta Yahuza, da kuma Wasiƙar Bitrus ta biyu.

Ba Anuhu kaɗai aka ara ba. Yahuza ya ambaci jayayyar Mala'ika Mika'ilu da Iblis kan gawar Musa, labarin da Orijin, malamin Iskandariya na ƙarni na 3, ya ce daga wani littafi yake kan ɗaukewar Musa. Wasiƙar Timoti ta biyu ta kira sunayen bokayen Fir'auna biyu, alhali Littafin Fitowa bai faɗi sunan ko ɗaya ba. Wasiƙar Ibraniyawa kuwa ta yi zancen bayin Allah da aka raba biyu da zarto, wanda ya yi daidai da ruwayar Yahudawa kan kisan Annabi Ishaya.

Muhawarar da wannan aro ya haifar, kaso mai tsoka nata a Afirka aka yi. Wajen shekara ta 200, Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya tsaya wa Littafin Anuhu. Da aka ce ta yaya rubutun da aka yi kafin ɗufana zai tsira, sai ya ce Nuhu na iya adana shi, ga kuma shaidar Yahuza. A 367 Atanasiyus, bishof na Iskandariya, ya lissafa littattafai 27 na Sabon Alkawari, da Yahuza a ciki, amma ya yi tir da littattafan ɓoye da ake jingina wa magabata. Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, ya bi tsakiya: ya yarda Anuhu ya faɗi gaskiya tunda manzo Yahuza ya shaida, sai dai babu mai iya tabbatar da hannayen da littafin ya bi kafin ya iso. Jerom ma ya rubuta cewa da yawa sun ƙi Wasiƙar Yahuza kanta saboda wannan aro.

Da aka daina kwafarsa, sai littafin ya ɓace daga Turai kusan shekara dubu, in ban da gutsattsari. Habasha ce ta riƙe shi. Bayan Sarki Ezana na Aksum ya karɓi Kiristanci a ƙarni na 4, an fassara shi daga Girkanci zuwa Ge'ez, kuma har gobe yana cikin littattafai 81 na majami'ar Orthodox ta ƙasar. A 1773 James Bruce, ɗan Sikotilan, ya koma Turai da kwafi uku. Richard Laurence ya fitar da fassarar Ingilishi a 1821. An tono wani sashe na Girkanci a wani kabari a Akhmim ta Masar wajen 1886. Sai kuma kogo na 4 na Kumran, kusa da Tekun Gishiri, da aka gano a 1952: a nan aka sami gutsattsarinsa da Aramiya, waɗanda Józef Milik ya wallafa a 1976. Wasu sun girmi Kiristanci, suka kuma nuna cewa marubutan Habasha sun riƙe amana.

Da Hausa, fassarar Sabon Alkawari ta J. F. Schön ta fito a 1880, cikakken Littafi Mai Tsarki da Dakta Walter Miller ya jagoranta kuma a 1932. Tsarin littattafai 66 na Furotesta aka bi. Katolika suna da 73, har da Tobit da Makabi, amma su ma babu Anuhu. Shi ya sa Bahaushe ya gaji ayoyin ba tare da tushensu ba.

Almajirin tafsiri ba zai ji wannan baƙo ba. Malamai da dama suna ganin Anuhu shi ne Annabi Idrisu (AS), kuma Ibn Kasir ya kasa Isra'iliyyat, irin ruwayoyin Ka'abul Ahbar da Wahabu bin Munabbih, kashi uku: abin da nassi ya gaskata, abin da ya ƙaryata, da wanda aka yi shiru a kansa. Malaman addinan biyu sun fuskanci matsala iri ɗaya, kuma akasarinsu sun tsaya kan hukunci guda: ɗauko magana daga littafi bai mayar da littafin dukansa wahayi ba.