Laburaren Kaduna Da Mai Karatu Na Nesa

A shekarar 1952, sa'ad da Kaduna take hedkwatar Jihar Arewa, Gwamnati ta kafa babban laburare a cikinta, wanda aka ɗora wa nauyin ciyar da ɗakunan karatu na En'e da aka buɗe a garuruwa tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda da yawansu ba su mallaki abin da ya wuce jaridu da 'yan tsofaffin littattafai ba. Sai ma'aikatansa suka shiga cika akwatuna da littattafai suna aikawa larduna, in wa'adi ya cika a komo da su, a musanya da waɗansu.

Taskokin tarihi kuwa al'amarinsu dabam ne. Ofishin adana takardun Gwamnati, da Gidan Arewa da aka buɗe a 1970 a tsohon gidan Sardauna bisa jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, abin da ke cikinsu ba ya fita. A da, duk mai muradin wasiƙun sarakuna ko rubuce-rubucen malaman jihadi, ko daga Sakkwato yake ko daga Maraɗi, lalle ne ya taso da guzurinsa, ya bi katunan fihirisa ɗaya bayan ɗaya, ya kwafa da alƙalaminsa.

Da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya Facebook da WhatsApp suka yaɗu, ma'aikatan laburare da na taskokin tarihi ba su jahilce su ba ko kaɗan, domin da su suke zumunci. Abin da ya yi jinkiri shi ne shigar da su cikin aikin hukuma, saboda rashin tsayayyar wutar lantarki, da rashin kasafin kuɗin intanet, da kuma tsohuwar ƙa'idar nan da ta hana ƙaramin ma'aikaci magana da yawun ofis sai da izini. Saboda haka akasarin hidimar da ake yi ta wannan hanya himmar ɗaiɗaiku ce: ɗalibi ya aiko da tambaya, ma'aikaci ya shimfiɗa littafi kusa da taga inda akwai haske, ya ɗauki hoton shafin da wayarsa, ya tura da kuɗin aljihunsa. A ganina wannan abin yabo ne, amma ran da aka yi wa ma'aikacin canjin wurin aiki hidimar ta tafi tare da shi, masu tambaya kuma su koma neman kuɗin mota.