Martanin Najeriya ga gwajin bam ɗin nukiliyar Faransa a Sahara

Martanin Najeriya ga gwajin bam ɗin nukiliyar Faransa a Sahara ya ƙunshi koke-koke da zanga-zanga da matakan hukuma da aka ɗauka tsakanin shekarar 1959 da 1961, lokacin da ƙasar Faransa ta shirya kuma ta tayar da bama-baman nukiliya a hamadar Aljeriya. Fargabar jama'a ta fi yawa a kan iskar hunturu, wadda ake jin za ta kwaso ƙurar bam ɗin mai guba ta sauke ta a Arewacin Najeriya da Nijar. Lamarin ya kai ga Najeriya ta katse hulɗar jakadanci da Faransa a ranar 5 ga Janairu 1961, wata uku kacal bayan samun 'yancin kai. Wannan ne karon farko da barazanar makamin ƙare-dangi ta zama abin muhawara a siyasar Najeriya, kuma daga nan ne ƙasar ta fara tsayawa a kan manufar raba nahiyar Afirka da makaman nukiliya.

Asali

A ƙarshen shekarun 1950 ƙasashe uku ne suka mallaki bam ɗin nukiliya: Amurka da Tarayyar Sobiyet da Birtaniya. Daga ƙarshen 1958 dukkansu sun dakatar da gwaji bisa raɗin kansu. Faransa, ƙarƙashin Janar Charles de Gaulle, ba ta shiga wannan dakatarwa ba, domin tana neman zama ta huɗu. Ta zaɓi wani fili kusa da garin Reggane a kudancin Aljeriya, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakarta, ana kuma tsakiyar yaƙin neman 'yanci.

Gwaji huɗu aka yi a sararin sama a Reggane. Na farko, mai suna Gerboise Bleue, an yi shi a ranar 13 ga Fabrairu 1960, kuma ƙarfinsa ya kai kimanin kilotan 70, wato wajen ninki huɗu na bam ɗin da Amurka ta jefa a Hiroshima a 1945. Sauran ukun an yi su ne a ranar 1 ga Afrilu 1960, da 27 ga Disamba 1960, da 25 ga Afrilu 1961. Daga nan Faransa ta koma gwaji a ƙarƙashin ƙasa a In Ekker da ke yankin duwatsun Hoggar, inda ta yi 13 tsakanin 1961 da 1966. Jimilla gwaji 17 ke nan a ƙasar Aljeriya.

Dalilin fargabar mutanen Arewa

Tsakanin Reggane da Sakkwato akwai tazarar kimanin kilomita 1,600, tsakaninta da Kano kuwa kimanin 1,800. Wannan nisa bai kwantar wa mutane da hankali ba, saboda kowa ya san ƙurar Sahara tana isowa ƙasar Hausa duk shekara. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da hazo, wanda ke rufe sararin sama ya sauka a kan gonaki da rijiyoyi da rumbuna, tun daga Maraɗi da Katsina har garuruwan noma na kudancin Kano irin su Rano da Rurum da Kibiya. Gwajin farko da na uku duk sun faɗo ne a tsakiyar wannan lokaci.

Idan aka tayar da bam ɗin nukiliya kusa da ƙasa, zafinsa yana zuƙe yashi da ƙura zuwa sama, su cakuɗa da burbushin bam ɗin, iska ta tafi da su nesa kafin su sauko. Sinadarai uku ne masana suka fi damuwa da su. Ayodin-131 yana sauka a kan ciyawa, shanu su ci, ya shiga cikin nono, sannan ya taru a ƙululun maƙogwaron mai sha, musamman yara. Rabin ƙarfinsa yana ƙarewa cikin kwana 8. Sitirontiyom-90 yana maƙalewa a ƙashi, siziyom-137 kuma yana bazuwa cikin tsoka, kuma kowannensu yana ɗaukar wajen shekara 30 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. A yankin da nono da hatsi suke abincin yau da kullum, gyaɗa da fatu kuma suke manyan kayan da ake fitarwa waje, batun ya shafi lafiyar mutane da kuma kasuwar amfanin gonarsu.

Hukumomin Faransa sun nace cewa filin gwajin ba kowa a cikinsa, kuma za a zaɓi ranar da iska ba za ta kai ƙurar inda jama'a suke ba. Amma dubban mutane suna zaune a dausayoyin yankin Reggane, ban da makiyaya da ayarin raƙuma da ke ratsawa.

Koke-koke kafin gwajin farko

A 1959 Najeriya ba ta riga ta sami 'yanci ba, harkokinta na waje kuma suna hannun Birtaniya. Jaridun Legas da ƙungiyoyin ƙwadago da ɗalibai sun yi ta sukar shirin Faransa, an kuma yi kiraye-kirayen ƙaurace wa kayanta. 'Yan majalisar wakilai sun tayar da batun a zaurensu, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya kai kuken gaban gwamnatin Birtaniya a Landan. Birtaniya ba ta yarda ta fito fili ta soki ƙawarta Faransa ba. Abin da ta yi shi ne ta taimaka da masana da na'urorin auna gubar da ke cikin iska, aka kafa tashoshin awo a wasu biranen Najeriya, ciki har da Kano.

A Majalisar Ɗinkin Duniya ƙasar Maroko ce ta gabatar da ƙara. Ranar 20 ga Nuwamba 1959 Babban Zauren Majalisar ya zartar da ƙuduri mai lamba 1379, wanda ya roƙi Faransa ta janye shirinta. Faransa ta yi biris da shi.

A Ghana, gwamnatin Kwame Nkrumah ta goyi bayan wata tawagar masu adawa da makaman nukiliya da ta tashi daga Accra a watan Disamba 1959 da niyyar shiga filin gwajin. A cikinta akwai limamin kirista Michael Scott da Michael Randle daga Birtaniya, da Bayard Rustin da Bill Sutherland daga Amurka, da Ntsu Mokhehle daga Basutoland, wato Lesotho ta yau, tare da 'yan Ghana da dama. Jami'an Faransa sun tare su a Upper Volta, wadda yanzu ake kira Burkina Faso, kuma duk yunƙurinsu uku bai kai su Sahara ba. Bayan gwajin farko Ghana ta riƙe kadarorin Faransa da ke ƙasarta, sannan ta kira taron ƙasashen Afirka a Accra a watan Afrilu 1960 kan batun.

Katse hulɗa da Faransa

Gwajin 27 ga Disamba 1960 shi ne na farko da aka yi bayan Najeriya ta sami 'yanci a ranar 1 ga Oktoba. A lokacin gwamnatin Ɓalewa tana shan suka daga jam'iyyar adawa ta Action Group da ɗalibai, waɗanda ke zarginta da bin Turawan Yamma sau da ƙafa. A watan Nuwamba na shekarar ɗalibai sun yi zanga-zanga a Legas kan yarjejeniyar tsaro da Birtaniya. Ɓalewa, wanda shi ne kuma ke riƙe da ma'aikatar harkokin waje, ya ɗauki mataki mai tsauri: a ranar 5 ga Janairu 1961 aka bai wa jakadan Faransa, Raymond Offroy, sa'o'i 48 ya bar ƙasar, aka kuma hana jiragen sama da na ruwa na Faransa sauka a Najeriya.

Haramcin jiragen ya fi cutar da maƙwabta fiye da Faransa kanta. Nijar da Chadi ba su da gaɓar teku, kuma wani babban kaso na kayansu yana bi ta Najeriya ne. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram, alal misali, ta Kano take bi a ɗora ta a jirgin ƙasa zuwa Legas. Bayan 'yan watanni gwamnati ta ɗage haramcin. Hulɗar jakadanci kuwa sai da aka yi kusan shekara biyar kafin a maido da ita.

Masana tarihi da yawa suna ganin de Gaulle bai manta da korar jakadansa ba, kuma suna lissafa ta cikin dalilan da suka sa Faransa ta karkata ga Biyafara a yaƙin basasar 1967 zuwa 1970. Offroy da kansa ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu fafutukar goyon bayan Biyafara a Faransa.

Abin da ya bayyana daga baya

A watan Fabrairu 2014 jaridar Le Parisien ta wallafa wata taswirar sojojin Faransa da aka daɗe ana ɓoyewa. Taswirar ta nuna cewa gajimaren gwajin farko ya isa Chadi cikin kwana ɗaya, ya bazu a kan yawancin Afirka ta Yamma cikin 'yan kwanaki, kuma bayan kwana 13 ya kai kudancin Sifaniya da tsibirin Sisili. Hakan ya tabbatar da cewa ƙurar ta wuce iyakar da hukumomi suka faɗa a 1960. Mafi munin illa dai ta faɗa ne kan mazauna yankunan Reggane da In Ekker da sojoji da leburorin da suka yi aiki a wuraren. A 2010 Faransa ta kafa dokar biyan diyya, amma 'yan Aljeriya ƙalilan ne suka amfana da ita.

Tasiri ga manufofin Najeriya

A watan Nuwamba 1961 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1652, wanda ya nemi a ɗauki Afirka a matsayin nahiyar da babu makaman nukiliya, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka kuma ta ayyana haka a taronta na Alƙahira a 1964. A wannan shekarar ne aka kafa sashen kare jama'a daga tururin nukiliya a Jami'ar Ibadan. Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya a 1968.

Fargabar ta sake tasowa a shekarun 1970 da 1980, wannan karon daga gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, wadda Najeriya ke adawa da ita a fili kuma ake zargin ta ƙera bam. An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya a 1976, aka kuma buɗe cibiyoyin bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Ife. Wasu masana sun ba da shawarar Afirka ta mallaki nata bam ɗin, daga cikinsu akwai Ali Mazrui na Kenya a 1979 da Bolaji Akinyemi, ministan harkokin wajen Najeriya, a 1987. Gwamnati ba ta bi wannan hanya ba. A watan Maris 1993 Shugaba F. W. de Klerk ya amsa cewa Afirka ta Kudu ta ƙera bama-bamai 6 kuma ta wargaza su.

An buɗe yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta makaman nukiliya a Afirka, a Alƙahira ranar 11 ga Afrilu 1996, ta fara aiki a 2009. Ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike da ke Zariya ta fara aiki a 2004, ana amfani da ita wajen koyarwa da gwajin ma'adinai da ƙasar noma. Ranar 6 ga Agusta 2020, shekara 75 cif bayan harin Hiroshima, Najeriya ta miƙa takardar amincewarta da yarjejeniyar haramta makaman nukiliya baki ɗaya.