SEBRING, GARIN DA MAI TANGARAN YA KAFA

Sau da yawa tsofaffinmu a Tsibiri da Galmi da Maraɗi su kan yi tambaya su ce, "Turawan nan na mishan da suka tsufa a hannunmu, ina suka koma?" To, waɗansunsu da dama sun koma wani ƙaramin gari ne mai suna Sebring, a tsakiyar jihar Fulorida ta ƙasar Amurka. Ga labarinsa.

Garin ba tsoho ba ne. Wani attajiri ne ya kafa shi, sunansa George Sebring, mutumin jihar Ohayo, wanda ya sami dukiyarsa ta wurin yin faranti da kwanonin tangaran. Da ya zo Fulorida, sai ya tarad da tudun rairayi a bakin wani babban tabki da a ke kira Jackson. Wurin ya gamshe shi, ya saya. Cikin shekara ta 1912 aka soma gini. Ya sa aka zana fili mai da'ira a tsakiya, hanyoyi kuma suka fita daga cikinsa ta kowane gefe kamar ƙafar keke. Har wa yau kirarin garin ke nan, "Birni a kan Da'ira." Cikin 1921 ya zama babban garin gundumarsa.

Bayan wannan, mutane suka yi rububin sayen filaye a Fulorida duka, kowa yana tsammani zai wayi gari attajiri. Aka gina manyan masaukai. Amma wajen 1926 cinikin ya faɗi, da yawa suka tsiyace. Abin da ya riƙe garin shi ne gonakin lemo da kiwon shanu, gama ƙasar tana da zafi, ƙanƙara ba ta rufe ta kamar arewacin Amurka.

Yamma da garin akwai kurmi mai suna Highlands Hammock. Mutanen wurin suka haɗa kai suka hana a sare shi, aka buɗe shi ga jama'a cikin 1931. A ciki akwai itatuwa waɗanda suka yi shekaru ɗari-ɗari, da kadoji cikin fadama. An shimfiɗa gadar katako bisa ruwan domin mutum ya bi ya yi kallo, ƙafarsa ba ta jiƙe ba.

Lokacin babban yaƙin duniya na biyu, soja suka gina filin jirgin sama kusa da garin, inda aka koya wa samari tuƙin jiragen yaƙi. Da yaƙi ya ƙare, soja suka bar filin. Sai waɗansu suka ce, me zai hana a yi tseren mota a kansa? Cikin 1952 aka fara tseren sa'a goma sha biyu, wanda a kan yi cikin watan Maris. Jama'ar garin dubu goma ne da 'yan kai, amma ran tseren baƙi su kan ninka su sau da yawa.

A wannan gari ne mishan ɗin S.I.M., wanda ya shigo Damagaram cikin 1924, ya gina unguwar hutawa domin ma'aikatansa da ƙarfinsu ya ƙare. Akwai hanya a cikinta da aka sa wa suna Nijeriya. Can malaman asibiti da na makaranta waɗanda suka sha rana da hunturu tare da iyayenmu suka sami inuwa, waɗansu kuwa a can aka binne su, nesa da ƙasar da suka ba ƙuruciyarsu.

Saboda haka, 'yan'uwa, cikin murnar wannan biki kada mu manta da su. Wanda ya san ɗayansu da ke da rai, bari ya rubuta masa wasiƙa da Hausa, ya gaya masa labarin garinsu da na yaran da ya koyar. Tsoho ba ya gajiya da jin labarin gida.