Daga Ƙoƙon Bara Zuwa Teburin Sana'a: Tarihin Neman Aikin Yi Ga Masu Naƙasa

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, barkanmu da ganin wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu. A irin wannan rana mun saba lissafa nasarori, na adashe da rance da kiwo. Bana kuwa sai na ga ya dace mu waiwayi wani tarihi da ya shafi gidajenmu kai tsaye. Da wuya a samu zuri'a a ƙasar Zuru, daga Dabai zuwa Danko, Wasagu, Fakai da Sakaba, wadda ba ta da makaho, ko gurgu, ko kurma, ko mai farfaɗiya, ko wanda hankalinsa bai kai na tsararsa ba. Suna yara muna goya su. To idan sun girma fa? Tambayar da ke hana uwa barci ke nan: ranar da ba na nan, me zai ci, wa zai riƙe shi? An daɗe ana neman amsarta, kuma hanyoyin da aka bi suna da darasi gare mu.

Zamanin sarautar makafi

A manyan biranen ƙasar Hausa irin su Kano, Katsina, Zariya da Sakkwato, masu naƙasa sun daɗe da nasu tsari. Akwai Sarkin Makafi, Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowanne da jama'arsa. Shi ke sasanta rikici a tsakaninsu, shi ke karɓar baƙo, shi ne kuma bakinsu a fada. Bara ce babbar hanyar samun abinci, jama'a kuma na ba da sadaka don neman lada. Amma ko a wancan lokaci akwai sana'a. An san makafi da tufkar igiya, wadda manoma da makiyaya da masu rijiya ba sa rabuwa da ita. Wasu kuma sun yi fice a ilimi. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, makaho ne, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

A nan ƙasarmu ta manoma, abin ya ɗan bambanta. Darajar namiji tana ga fartanya. A al'adar Lelna, saurayi kan yi golmo, wato shekaru bakwai yana noma a gonar surukinsa tare da abokansa kafin a ba shi mata. Ku duba fa, wanda ba ya iya riƙe fartanya ya rasa abu biyu ke nan, abinci da aure. Dangi ba sa yar da nasu, ana ci da shi, ana ba shi ɗan aikin gida kamar ɓarar gyaɗa ko korar tsuntsaye. Sai dai yana zama ɗan a-ba-ni har tsufansa, ba shi da rumbun kansa.

Zamanin killacewa

Da Turawa suka zo, sai aka shigo da wata dabara: a ware su wuri guda, a yi musu magani, a koya musu aiki. A ƙarshen shekarun 1930 mishan na SIM suka karɓi kula da sansanonin masu kuturta na Amanawa kusa da Sakkwato, Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina. A ciki akwai gonaki da makaranta, majinyata suna noma, wasu har sun koyi aikin jinya suna taimakon 'yan uwansu. A 1953 aka buɗe makarantar makafi ta Gindiri a ƙasar Filato, wadda ita ce ta farko a Najeriya. Can ake koyar da rubutun makafi, wanda ake karantawa da yatsa, tare da sana'o'in hannu.

A Ingila ma hakan aka yi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu da kakanninmu na Zuru suka yi har ƙasar Bama, gwamnatinsu ta kafa kamfanin Remploy, ya buɗe masana'antarsa ta farko a 1946 domin sojoji da ma'aikatan da suka naƙasa. Masana'antu ne na masu naƙasa zalla. Sun ciyar da dubban mutane, ba a musun wannan. Amma a hankali aka lura cewa wanda ya shiga ba kasafai yake fita zuwa aiki cikin sauran jama'a ba, ga kuma tsadar riƙe wuraren. A 2013 aka rufe na ƙarshensu.

Darasin wannan zamani a fili yake. An samu magani da sana'a, amma an yi nisa da kasuwa. Wanda ya koyi saƙa ko noma a sansani, in ya dawo garinsu, mutane na ƙyamar sayen abin hannunsa, domin ba su taɓa ganin sa yana aiki a cikinsu ba.

Magani ya zo, aiki bai zo ba

Daga nan likitoci suka yi nasu ƙoƙari. Gwajin da aka yi a Uzuakoli da ke kudu maso gabashin Najeriya a ƙarshen shekarun 1940 ya taimaka wajen nuna cewa ƙwayar dafson da ake haɗiya tana maganin kuturta, sai aka fara ba mutane a ƙananan asibitoci suna zaune a gidajensu. A farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo haɗin magunguna da ke warkar da cutar gaba ɗaya, kuma yau kyauta ake ba da shi. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da Mectizan kyauta domin makantar bakin rafi, wadda baƙin ƙuda ke yaɗawa. Da yawanmu mun ga masu rabon maganin nan da sandarsu ta awon tsayi suna bi gida-gida. Shan inna kuwa, ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa ainihin ƙwayarta ta daji ta kau daga Afirka baki ɗaya.

Alhamdu lillahi da wannan. Amma magani yana tsayar da cuta ne, ba ya mayar da idon da ya riga ya tafi, ko yatsun da suka gutsure, ko ƙafar da ta shanye. Yaran da shan inna ta kama shekaru ashirin ko talatin da suka wuce, yau manya ne, suna cikinmu, suna son aure da jari kamar kowa.

Zamanin keken ɗinki

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1981 a matsayin shekarar masu naƙasa, daga baya kuma aka tsayar da 3 ga Disamba ta zama ranarsu duk shekara. Gwamnatoci da ƙungiyoyi suka rungumi tsarin da duk muka sani: a tara mutane, a yi musu kwas na wata uku ko shida, a yi biki, a raba keken ɗinki ko injin markaɗe, a ɗauki hoto, a watse. Mu mata mun san irin wannan tun zamanin shirin kyautata rayuwar matan karkara da Hajiya Maryam Babangida ta fara a 1987.

Wasu sun amfana, har sun zama iyayen gidan kansu. Wasu kuwa, ba a wata shida sai ka ga keken a kasuwa. Kada mu yi saurin cewa lalaci ne. Ku tuna yadda kowacce daga cikinmu ta fara. Kayan aiki kaɗai ba ya isa. Ana buƙatar kuɗin zare da yadi, ana buƙatar mai gyara in keke ya lalace, ana buƙatar wanda zai kawo ɗinkin farko ya kuma gaya wa maƙwabta. Mai ƙafa biyu za ta zaga gari ta nemo waɗannan. Gurguwa da ke ƙuryar ɗaki fa, wa zai nemo mata?

Inda abin ya yi kyau, za ku ga akwai haɗin kai. A Kano, waɗanda shan inna ta naƙasa sun kafa ƙungiyarsu ƙarƙashin jagorancin Malam Aminu Ahmad Tudun Wada, suna ƙera kekunan guragu da hannunsu suna sayarwa, suna koya wa na baya. Sana'a ce da ke da masu saye, kuma mai koyo yana tare da gwani kullum.

Dabarar aiki da mai rakiya

A Amurka, cikin shekarun 1970, wani malami mai suna Marc Gold ya ɗauki mutanen da aka yanke ƙauna a kansu saboda raunin ƙwaƙwalwa, ya koya musu haɗa birkin keke mai sassa da yawa. Abin da ya yi shi ne ya rarraba aikin ƙanana-ƙanana, mataki bayan mataki. Idan mai koyo ya kasa, sai malamin ya sake hanyar koyarwa. Suka iya kuwa. Daga irin wannan aka gina tsarin da Amurka ta sa cikin dokarta a 1986.

Tsarin ya juya na da ne. Maimakon a yi ta horar da mutum a wani keɓaɓɓen wuri ana jiran ranar da zai shirya, sai a fara da tambayarsa me yake so, me ya iya. Sannan a nemo masa aiki na gaske a shago ko gona ko ofis, cikin sauran mutane, da lada irin na kowa. Sai a haɗa shi da mai rakiya, wanda zai tsaya tare da shi a wurin aikin, ya koya masa, ya kuma fahimtar da mai shagon da abokan aiki. Yayin da hannunsa ke faɗawa, mai rakiya yana ja da baya, amma ba ya ɓacewa. In matsala ta taso bayan shekara, ana iya kiran sa.

To jama'a, wannan baƙon abu ne a wurinmu? Ai haka muke kai yaro wurin tela ko makaniki, ubangida ya riƙe shi har ya yaye shi. Haka uwarɗaki ke jan 'yarɗakinta a harkar ƙuli-ƙuli. Gayya ma haka take, mai ƙarfi ya rufa wa marar ƙarfi. Abin da ya rage mana shi ne ba mu cika sa masu naƙasa a wannan layi ba.

Abin da doka ta ce

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya. Dokar ta ce hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Wanda ya nuna wariya, in mutum ne, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu, in kamfani ne, naira miliyan ɗaya. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da lamuransu.

Ya kamata kowace uwa ta san wannan. In ɗanki kurma ko gurgu ya yi karatu, aka buɗe ɗaukar ma'aikata a wata hukuma, yana da haƙƙi a rubuce, ba alfarma yake roƙo ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, mutum nawa ne a ƙasar Zuru ke cin albashin gwamnati? Yawancinmu gona ce, kasuwa ce, kiwo ne. Nan aikin yake, kuma yawancin ƙofofinsa suna hannun irinmu.

Namu rabon

Ga abin da nake roƙon uwar ƙungiya da kwamiti su duba a wannan shekara.

Na farko, mu buɗe rajista ga mata masu naƙasa a matsayin cikakkun 'yan ƙungiya, masu zubi da kwasa da jefa ƙuri'a. In zubin ya yi musu nauyi a fara da rabi. Wurin taro kuma ya zama inda keke zai shiga, kurma kuma a zaunar da ita kusa da wadda ta iya maganar hannu da ita.

Na biyu, duk wadda ke da sana'a mai tafiya ta duba wane sashe ne wata za ta iya. Makauniya na iya ɓarar gyaɗa, murza ƙuli-ƙuli da ƙulla daddawa. Gurguwa na iya tsaron shago, ɗinki, ko riƙe littafin lissafi. Kurma na iya kitso da saƙa. Mai raunin ƙwaƙwalwa na iya ba awaki abinci da ruwa in an nuna masa sau da yawa cikin haƙuri. Mai farfaɗiya da ke shan maganinta na iya aiki, a dai nisanta ta da wuta da bakin rijiya, kuma ku sani ba a ɗaukar farfaɗiya ta taɓawa ko ta yawu. Kafin komai, a tambaye ta abin da take so.

Na uku, kowace mai koyo a haɗa ta da uwarɗaki guda daga cikinmu, wadda za ta riƙa leƙa ta, ta kai kayanta kasuwa tare da nata, ta kawo wa taro rahoto.

Na huɗu, a biya lada daidai. Mudun da makauniya ta ɓare, kuɗinsa ɗaya da na mai ido. In muka rage mata don ba ta da zaɓi, zalunci muka yi da sunan taimako. Mu kuma fara sayen kayanta a bainar jama'a, domin abin da mata suka ga shugabanninsu na ci, ba sa ƙyamarsa.

Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sadaka tana da ladanta, kada mu daina. Amma uwar da ta ga 'yarta gurguwa ta kwashi adashenta na farko, ta sayi akuya da guminta, za ta kwana da kwanciyar hankalin da kwanon tuwon maƙwabta bai taɓa ba ta ba. Ina fatan a bikin baɗi, cikin masu tashi su karanta rahoton ribarsu, mu ji muryar ɗaya daga cikin waɗannan 'yan uwa namu.

Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya ba ƙasar Zuru da Jihar Kebbi zaman lafiya da damina mai albarka.