Shiga Rigar Wani: Nutsewar Ɗan Wasa da Sanin Kai, Daga Tashe Zuwa Wasannin Waya a Kamba

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta wasannin hawa matsayi na zamani da tashe da kalankuwa, tana duban Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi a jihar Kebbi. Hujjarta ita ce ɗan wasa ba ya mance kansa idan ya nutse. Matsayin da ya hau yana tsayuwa ne gwargwadon yardar masu kallonsa.

Ra'in Bincike

A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka. Ana zama a kewaye tebur, kowa na magana da bakin jaruminsa, jagora na warware labari, ɗan lido na raba gardama. Da Gary Alan Fine ya nazarci irin wannan zama a littafinsa Shared Fantasy na 1983, ya nuna cewa mutum ɗaya yana riƙe da matakai uku: shi kansa, shi ɗan wasa mai bin doka, da jarumin labari. Da wannan ma'auni aka yi aiki a nan.

Tashe da Kalankuwa

Daga goma ga watan azumi yaro kan manna gemun auduga, ya cusa tsumma a riga, ya dogara sanda yana rawar jiki. Uwar gida ta san ɗan maƙwabta ne, amma da tsoho take zolaya, shi kuma muryarsa ta tsufa, idonsa na kan kwanon da ake jefa kuɗi. Matakan Fine ke nan duka uku a tsakar gida. Kalankuwa ta fi zurfi, domin bayan kaka samari kan naɗa gwamna da alƙali da ɗan sanda, alƙalin wasa ya ci tara kuma a biya. Ranar da aka ƙi biya, alƙalancinsa ya ƙare.

Masu kawo bori cikin wannan kwatance suna kuskure. A bori ana cewa iska ce ta hau doki, shi ba ya nan. Ɗan tashe yana nan daram.

Kamba da Waya

Kamba na bakin iyakar Nijar, kusa da Gaya, Benin kuma ba nisa. Matashin da ya tashi yana juya Hausa da Dandanci, yana lissafi da naira da sefa, ya saba da sauya fuska gwargwadon wanda ke gabansa. Free Fire ta 2017 da PUBG Mobile ta 2018 wasannin harbi ne, amma suna ba shi laƙabi da tufafi da runduna ta mutum huɗu, kuma rundunar ce ke tabbatar masa da jarumtarsa.

Bambancin yana wajen shaidu. Tashe na da wata, gari ne ke kallo, gemun auduga kyauta ne. A waya babu ranar rufewa, masu kallo na iya zama baƙi daga wata ƙasa, tufafin alfarma kuwa sai da kuɗi.

Kammalawa

Ƙirga awannin da yaro ya yi a kan waya ba ya auna nutsewa. Ya kamata masu nazarin al'adu a jami'o'in Birnin Kebbi da Sakkwato su je Kamba su tambayi matasa da wa suke wasa, da wane harshe, kuma wa ke kiransu da laƙabin wasa a cikin gari.