Gidan Ɗantata: Daga Ayarin Goro Zuwa Maƙabartar Baƙi'a

Ranar Asabar 28 ga Yuni 2025 Allah ya karɓi ran Alhaji Aminu Alhassan Ɗantata a birnin Abu Dhabi, yana da shekara 94. A ranar aka yi masa sallar ga'ib a Kano. Ranar 1 ga Yuli kuma aka sallace shi a Masallacin Annabi, aka binne shi a Baƙi'a, kamar yadda ya daɗe yana fata. Mu nan Jiratawa a Nijar iyaka ta raba mu da shi, kuɗinmu daban, hukumarmu daban. Duk da haka rashin ya taɓa mu, domin motocin da ke fita Maraɗi su yi kudu, su ratsa ƙasarmu zuwa Ɗan Isa da Jibiya, yawancinsu Kano suka nufa, kuma ba a ba da labarin kasuwar Kano a tsallake gidan Ɗantata. Wanda ya rasu shi ne ya riƙe ragamar gidan shekara 65. Kafin a fahimci hannunsa na kyauta, sai an san gidan da ya rene shi.

Mutanen gidan zuriyar Agalawa ne, fataken da asalinsu ya gangaro daga arewa, wajen ƙasashen Buzaye, suka zauna a ƙasar Katsina kafin su bazu cikin ƙasar Kano. Kakansu Baba Talatin daga Katsina ya koma Madobi, ɗansa Abdullahi ya zauna Bebeji, a nan aka haifi Alhassan, mahaifin Aminu, a 1877. Uban ya rasu Alhassan yana ƙarami. Uwarsa Amarya, wadda ita ma ƴar kasuwa ce mai ƙarfi, ta koma Akara da zama, ta bar shi hannun wata baiwar Allah mai suna Tata. Yana saurayi yaƙin basasar Kano na Tukurawa da Yusufawa ya rutsa da Bebeji, aka kama shi cikin waɗanda aka kama, sai da aka fanshe shi. Mutumin da daga baya aka ce babu mai arzikinsa a Afirka ta Yamma, ya san maraici, ya san zama hannun wani.

Sana'ar gidansu fataucin Gwanja ce. A ɗaure kanwa da tufafin Kano da jan fata a bayan jakuna, a bi madugu wata da watanni, zango bayan zango, a komo da goro. Tafiya ce da ba a yin ta sai da amana, tun da dukiyar mutum goma tana iya tafiya hannun mutum guda, babu takarda, babu shaida sai Allah. Alhassan ya bi wannan hanya, amma da ya isa bakin teku ya ga jirgin ruwa na zirga-zirga tsakanin Akara da Ikko, sai ya fara aika goronsa ta ruwa, yana juya jari sau da yawa kafin ayarin ƙasa ya je ya dawo sau ɗaya. Wannan saurin gane inda hanya ta karkata shi ne gadon farko da ya bar wa ƴaƴansa.

Jirgin ƙasa ya fara aiki sosai a Kano a 1912. Turawan Ingila auduga suka sa rai za a yi ta lodawa, sai manoma suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su san wanda za a ba bashi ya biya ba. Fataken goro su ke da wannan sani. A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa, cikin ƴan shekaru ya wuce kowa. Yadda yake aikin shi ne abin lura. Yakan ba yaransa jari, su shiga karkara su zauna, su ba manomi kuɗi ko kaya tun damina, da kaka a auna gyaɗa a cire. Yaron da ya riƙe amana a ƙara masa, a yi masa aure, a ba shi gida, wata rana a kai shi Makka, har ya tsaya da ƙafarsa shi ma ya ɗauki nasa yaran. Lokacin da Bankin British West Africa ya buɗe reshe a Kano a 1929, Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin. Ga shi ake jingina fara jera buhuna su zama dala a filin tasha, dala guda buhu 15,000, suna jiran taragon da zai kwashe su zuwa Ikko.

A nan labarin ya haɗu da namu. Nijar ba ta da teku, don haka gyaɗar Maraɗi da Tsibiri da Tasawa ta daɗe tana bin raƙuma da jakuna, daga baya manyan motoci, zuwa tashar Kano, har cikin shekarun 1950 da Faransa ta fara karkatar da wani kaso ta Dahome. Bayan ambaliyar 1945 da ta cinye tsohuwar Maraɗi a cikin fadama, sabon gari ya hau tudu, kantunan Turawa suka yi layi, ƴan ƙasa suka zama masu saya musu gyaɗa. Daga cikin waɗannan aka sami Alhazan Maraɗi, waɗanda suka ƙara ƙarfi a lokacin yaƙin Biyafara da kuma cinikin kayan da ke ratsawa zuwa Najeriya a shekarun 1970. Tsarin ubangida da bara da suka yi aiki da shi, shi ne dai na Kano. Wani masani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, wanda ya rubuta littafi a kansu a 1986, ya nuna cewa ana auna Alhaji da yawan mutanen da ke ci a ƙarƙashinsa kafin a auna shi da kuɗinsa. Dattawanmu ba su buƙatar littafi ya gaya musu wannan. Sun kuma san ɗaya ɓangaren, mai ciwo: gidaje nawa ne suka cika Maraɗi da suna, mai gida na rasuwa aka raba motoci da shaguna, barori suka watse, cikin shekara goma sai labari?

Alhassan ya hango wannan. Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara ƴaƴansa da babban mai riƙe masa lissafi, Garba Maisikeli, ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su bar kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya rushe. Ya rasu ranar 17 ga Agusta na shekarar, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari. An raba gado yadda shari'a ta tanada, kowa ya kama harkarsa, amma kamfanin ya tsaya, babban ɗa Ahmadu na jagoranci. Cikin sauran ƴaƴan, Sanusi ya yi ƙarfi a gyaɗa da sufuri, ya shahara da hidimar malamai. Mahmudu ya shiga jigilar alhazai, kuma daga sunan ƙungiyarsa ta mahajjatan Afirka ta Yamma aka sami Wapa, kasuwar canji ta Fagge, inda har yau ɗan kasuwar Maraɗi ke zuwa ya juya sefa ta koma naira.

Aminu yana cikin ƙananan ƴaƴan, an haife shi ranar 19 ga Mayu 1931. Ya yi firamare a Dala, ya ƙarasa karatu a makarantar da mahaifinsa ya buɗe wa ƴaƴansa, sannan a 1948 aka tura shi sayen gyaɗa kamar kowane yaron gida. Ɗan mai kuɗin Kano ne, amma a bakin sikeli ya fara, cikin ƙura da ƙaiƙayi. Ya riƙe reshen Sakkwato a tsakiyar shekarun 1950, ya zama mataimakin yayansa, da Ahmadu ya rasu a 1960 shugabanci ya faɗo kansa bai cika shekara talatin ba. Shekarar ce Najeriya da Nijar suka sami mulkin kai, sababbin gwamnatoci suna buƙatar gine-gine, sai ya buɗe sashen kwangila. Kamfanin ya yi aiki a makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello, da makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya. Ya shiga dillancin motoci, ya sayi hannun jari a kamfanonin da dokokin 1972 da 1977 suka tilasta wa baƙi su sayar wa ƴan ƙasa, daga baya ya kai har man fetur. A tsakani ya zauna majalisar dokokin Jihar Arewa, ya kuma riƙe kwamishina a gwamnatin Audu Baƙo daga 1968 zuwa 1973.

Ba don wannan baza ƙafa ba, da gidan ya bi dalar gyaɗa. Farin 1973 da 1974 ya ƙone gonaki daga Kano har Dakwaro, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, kuɗin fetur ya ɗauke hankalin gwamnatin Najeriya daga noma. A wajenmu kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962 don cinikin gyaɗa, ya yi ta rauni har ya mutu. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, ko da ana cikin makoki: zamanin gyaɗa ya ɗaukaka ƴan kasuwa da baitulmalin gwamnatoci fiye da yadda ya ɗaukaka mai fartanya. Hukuma ce ke yanke farashi, bashin damina kan ci rabin kaka, da abin ya rushe manomi ne ya fara kwana da yunwa. Attajirin da ya fito daga wannan tsari yana da bashin talakawa a wuyansa, ko ya sani ko bai sani ba. Abin da ya ɗaga Alhaji Aminu a idona shi ne ya yi rayuwa irin ta wanda ya sani.

Kanawa sun shaidi zakkarsa ta shekara-shekara, da masallatai, da kuɗin makaranta da na asibiti da ya biya wa mutanen da bai taɓa gani ba, mafi yawa ba tare da shela ba. Wannan duk attajirin kirki yana yi gwargwadon hali. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kyautar da aka gina ta yadda za ta ci gaba da aiki ko mai ita ba ya nan. Ya gina cibiyar wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya sa mata sunan mahaifinsa. Wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san nauyin wannan: wanki ne sau biyu ko uku a mako, ba ranar dainawa, gona da dabbobi kan ƙare a kai, kuma na'ura guda da aka ƙara a asibitin gwamnati rayuka ne ake ja wa kwana. Mutanenmu da dama kan tsallaka Katsina da Kano neman magani, saboda haka irin wannan gini bai tsaya ga Kanawa kaɗai ba. Yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa Gidauniyar Jihar Kano don tallafa wa ilimi da ƙananan ƴan kasuwa. Ya zama uban Jami'ar Al-Qalam ta Katsina, wadda al'umma suka kafa da kansu a 2005. Yana cikin waɗanda suka dafa aka kafa bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 ba da kuɗin ruwa ba, abin da ya buɗe ƙofa ga ƴan kasuwar da tsoron riba ya hana su kusantar banki. A Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Maiduguri, dattijo mai shekara 93 ya tashi da kansa ya je jaje, ya ba da naira biliyan ɗaya da rabi.

Akwai kuma abin da ba a iya ƙirgawa, wato mutanen da gidan ya tsayar. Alhaji Aliko Dangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa, Hajiya Mariya, kuma a inuwar gidan kakansa ya koyi saye da sayarwa. Shi duniya ta sani. Bayansa akwai ɗaruruwan gidaje a Koki da Sarari da Kantin Kwari da garuruwan karkara waɗanda kakanninsu da jarin Ɗantata suka fara, yau suna ciyar da nasu mutanen.

Ina rubuta wannan ne ina duban namu. Alhazan Maraɗi ba su gaza a kyauta ba. Sun gina masallatai, sun haƙa rijiyoyi, sun raba hatsi a shekarun yunwa, kuma babu unguwar da ba ta da labarin wani da aka biya wa Makka. Sai dai yawancin alherin yana ɗaure da numfashin mai shi. A Jiratawa muna da fadamar noman rani da aka shimfiɗa tun farkon shekarun 1980, zogalenmu na kai wa kasuwanni masu nisa, amma manomi na nan yana fama da kuɗin wutar famfo da taki da rashin inda zai adana kayansa idan farashi ya faɗi. Ɗan jarin da ake juyawa tsakanin manoma ƙarƙashin amintattu, ko ɗakin jinya da aka yi wa wakafin shaguna don ya riƙe kansa, ko kujerun karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ga ƴaƴan talakawa, duk ba su fi ƙarfin attajiran jihar nan ba. Abin da ake buƙata shi ne mai dukiya ya zauna tun yana da lafiya, ya rubuta, ya naɗa masu riƙo, ya kuma horar da ƴaƴansa a bakin aiki yadda aka horar da Aminu.

Shi ma gidan Ɗantata yanzu ya iso irin mararrabar 1955, da zuriya mai yawa ninkin ta wancan lokaci da dukiya warwatse a ƙasashe. Su ne za su nuna ko wasiyyar Sarari za ta kai ƙarni na uku.

A ƙarshen 2022, da wasu manyan ƴan siyasa suka kai masa ziyara, Alhaji Aminu ya faɗa musu cewa tsararrakinsa sun tafi, da ƙyar zai ƙirga kaɗan da suka rage, shi ma lokaci yake jira. Ya roƙi duk wanda ya taɓa ɓata wa ya yafe masa, ya ce shi ya yafe wa kowa. Bayan wannan magana ya ƙara shekara biyu da rabi, hannunsa bai rufe ba. Allah ya jiƙansa da rahama, ya karɓi ayyukansa, ya ba iyalansa da jama'ar Kano haƙurin rashi.